Za a Hau Soro

Yaran yanzu masu waya a tafin hannu sun ɗauka su suka fara ajiye aiki mai albashi don neman kwanciyar hankali. Da sun san Ayuba Mai Eriya na Unguwar Rogo da sun rage cika baki, domin shi ya yi haka tun zamanin da duk wanda ya yi sai a ce an yi masa asiri.

Ubansa kafinta ne, mutumin Kagoro, wanda ya zo Sakkwato yi wa makarantu bencina, zaman kuma ya yi masa daɗi. Ayuba ya gama makarantar koyon sana'a da takardar aikin lantarki daidai lokacin da arzikin man fetur ya ɓalle. Soja ke mulki, gwamnati na neman ma'aikata ido rufe, samari kuwa kowa sauri yake yi kamar an ce gobe za a rufe duniya. Abokinsa Ƙasimu ya bar koyarwa ya shiga kwangilar siminti, kafin damina ta zagayo ya yi Fijo ya yi tumbi. Ayuba ya samu aiki a wata ma'aikata, yana hawa turaku yana ɗaura waya, ya auri Talatu malamar firamare, suka haifi Naomi.

Ƙarin girma ne ya kayar da shi. An sauko da shi daga turaku, aka ba shi tebur a wani ɗaki marar taga, inda na'urar sanyaya ɗaki ke gunji tun safe har tashi. Mutane suka yi ta zuwa barka. Shi kuwa gunjin nan ya shige masa kai ya ƙi fita, yana bin sa har gida. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano. A coci sai ya riƙe littafin waƙa a buɗe bakinsa a rufe, har a gama. Likita ya auna shi ciki da bai, ya ce lafiyarsa ƙalau. A wancan zamani ciwo irin wannan suna ɗaya gare shi, hauka, kuma sunan nan shi Talatu ke tsoro fiye da ciwon kansa. Ta roƙe shi kada ya gaya wa kowa, saboda Naomi za ta girma a unguwar.

Ana haka aka buɗe gidan talabijin, garin ya rikice da sayen akwati. Wani maƙwabci ya roƙi Ayuba ya kafa masa eriya. Ya jingina tsani ya hau, ya ɗaure gorar eriyar, ya ɗago kai, sai ya ji shiru. Gunjin ya tsaya.

Daga can sama Sakkwato wani gari ne dabam. Soraye sun kwanta ja-ja-wur har iya ganin ido, tantabaru na kewaya hasumiya, jan fatun majema na shan iska. Can nesa fadama ta yi kore shar, gulbi na ƙyalli a tsakiyarta, raƙuma na shigowa daga arewa a jere ba mai gaggawa a cikinsu. Shirwa ta zo daidai kansa ta tsaya cak a iska, ya ji kamar shi ma zai iya. Ya sauko ya cinye tuwo kwano guda, Talatu na kallonsa baki buɗe.

Bai yi wata ba ya ajiye aikin gwamnati. Ubansa ya daina amsa gaisuwarsa na ɗan lokaci. Ƙasimu ya tsayar da mota ya yi masa faɗa, wai kowa na neman inuwa shi yana neman rana, wai da a ce kwangilar eriya zai karɓa ya sa leburori su hau, da an gane. Ayuba ya yi murmushi kawai, don hawan shi ne ribar, kuma bai san yadda zai faɗa wa mai Fijo haka ba.

To, a cikin tsohon gari hawa soro yana da ƙa'ida. Wanda ke sama yana hango tsakar gidajen mutane, matan aure kuwa suna kulle. Saboda haka kafin namiji ya taka tsani sai ya ɗaga murya ya ce za a hau soro, mata su shige ɗaka, in ya gama ya ce an sauka, su fito. Ayuba bai taɓa saɓa wannan ba. Inda ya kuskure shi ne tsakanin kiran farko da na biyu. Aikin da bai fi shan fura ba sai ya kai shi har rana ta yi ja, domin la'asar sakaliya yake zaɓa, lokacin da iska ke sanyi, ya gama ɗauri ya zauna ya rungume gwiwa ya tafi duniyarsa.

Abin ya fashe a Ƙofar Taramniya, a gidan Malam Siddiƙu, wani malami dattijo da 'ya'yansa suka saya wa akwati don ya riƙa ganin labarai. Ran nan Ayuba ya zauna a kan soron har aka kira magariba. A gidajen da ke kewaye tuwo ya ƙone, awaki sun yi biki da geron da aka shanya, mazaje sun dawo sun tarar da matansu a ɗaka cikin zufa. Wani ya ce ai leƙe yake yi. Mai unguwa ya hana shi hawa, maganar ta bi gari har Ƙofar Rini, aiki ya ɗauke. Bai yi mako a ƙasa ba gunjin ya dawo, ya fi na da. Ayuba ya ji tsoro ƙwarai, don yanzu ya san maganinsa, kuma an hana shi.

Ya tafi wurin Malam Siddiƙu ya durƙusa a zaure, ya rantse da girman Allah bai taɓa duban ƙasa ba. Malam ya tambaye shi to me yake kallo. A karo na farko a rayuwarsa ya faɗa wa wani ba Talatu ba labarin ɗakin nan marar taga, da gunjin, da shirun da yake samu a sama. Malam ya ci gaba da jan carbi, da alama ya gaskata.

Sai aka ɗaga asabarin ƙofar cikin gida. Kulu ce, yayar Malam, tsohuwar da ta wuce kulle, wadda ko mai unguwa ba ya son gamuwa da bakinta. Ashe tana ji.

"Ɗan ga, na yarda ba leƙe kaka yi ba," in ji ta. "Amma kai kana da gari duka, kana tahiya inda kaka so. Su ɗiyan ga na ɗaka, tsakar gida ita ɗai ta sararinsu. Nan suka ganin sama, nan suka shan iska in rana ta hwaɗi. Duk sa'ad da kah hau don kanka shi huta, su kab bari cikin ɗaki maras taga."

Kunya ta rufe Ayuba har ya kasa ɗaga kai. Bai taɓa tunanin haka ba, ko sau ɗaya. Ya ce, "Inna, na yi laifi. Ba zan ƙara ba." Ya miƙe zai tafi, zuciyarsa ta yi nauyi, don ya san abin da alkawarin nan zai ci masa.

Kulu ta ce ya dakata. Akwai lokacin da tsakar gida ba ta da mai so, in ji ta, da rana tsaka, sa'ad da zafi ke korar kowa ɗaka har kaji. In zai iya, wannan nasa ne, ita za ta yi wa mai unguwa magana. Malam ya dube ta ya ce ranar Sakkwato fa ba abokiyar wasa ba ce. Ta ce ai ba ta ce da daɗi ba.

Haka Ayuba ya koma aiki. Ya sayi malfa irin ta Fulani, Talatu na jiƙa masa tsumma ya sa a ƙarƙashinta. Da rana tsaka garin yakan mutu murus, soraye su riƙa rawa a ido, gulbi ya zama fari fat kamar an shimfiɗa kwano. Ba tantabara, ba raƙumi, sai shi da shirwa. Shirun ma ya fi na yamma zurfi. Gwamnoni suka zo suka wuce, rediyo ta yi ta kaɗa badujalar juyin mulki, arzikin mai ya ja baya, shi yana can sama. Fatarsa ta ƙone, idonsa ya yi ja, bai taɓa yin mota ba, amma yana ci yana barci.

Sai dai mutumin da ake hangowa zaune bisa soro da azahar a watan bazara, ya rungume gwiwa yana murmushi, ba ya rasa suna. Abin da Talatu ta yi shekaru tana gudu shi ya same su. Wata rana Naomi ta dawo daga makaranta tana kuka, wai 'yan ajinsu sun ce ita 'yar mahaukaci ce. Ayuba na daga ɗaki ya ji. Ya fito ya ce wa Talatu gobe zai je wurin Ƙasimu ya nemi aikin sito, a ƙasa, cikin inuwa.

Talatu ta share wa yarinyar hawaye da bakin zane. Ta tuna mutumin da ake yi wa barka, wanda ke dawowa daga ofis ya zauna gaban tuwo har ya huce.

"Baban Naomi, ba inda za ka," ta ce. "Su faɗa. Ni zan yi mata bayani."

Washegari da hantsi ita da kanta ta fito masa da tsanin, ta jingina a bakin ƙofa.