Jirgin da Kawu Ya Ɗinke

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya je yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, yana saurayi. Da ya dawo Funtuwa ya koma kan dukanci, sana'ar gidansu, yana ɗinka jakunkuna da kuben wuƙa. Lokacin da na shiga aji uku na sakandare idonsa ya yi yana, ba ya iya zura zare a allura. Abin da ya rage masa shi ne hirar la'asar a kan benci, ƙofar shagon wani tela da ke bakin layinmu, inda dattawan unguwa suke taruwa.

Labari ɗaya ne ya raba shi da bencin nan. Yakan ce an taɓa sa su gadin wani filin jirgi da suka share da hannunsu a cikin daji. Wata rana jirgin yaƙi ya sauka da huji a jikinsa, bayan mazaunin matuƙi. Baturen makaniki ya gan shi yana gyaran takalmi, ya kira shi, ya ba shi allura da zare, ya ɗinke hujin, domin rabin jirgin na baya ƙyalle ne.

Telan nan ba ya barin wannan ta wuce.

"Saja, atamfa aka yi masa ko shadda? Ka faɗa mini in sayo bandir biyu, in ɗinka nawa in tafi Makka."

Sai a yi ta dariya. Da fari Kawu yakan taya su. Amma da yara suka fara binsa a layi suna kiran mai ɗinkin jirgi, sai ya daina fita. Ya koma zaman zaure shi kaɗai, da 'yar rediyonsa. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban yarda da labarin ba. Kowa ya san jirgi ƙarfe ne.

Ba don Kawu na fara aikin ba. A laburaren makarantarmu akwai wani tsohon littafi na jiragen sama da bangonsa ya cire. Ni ba ɗan ƙwallo ba ne, surutu kuma ba na iyawa, saboda haka can nake ɓuya. A shafi ɗaya akwai hoton wani jirgin yaƙi mai farfela ɗaya, mai cin mutum ɗaya, an kuma zana shi ta gefe, ta sama, da ta gaba. An rubuta cewa ya yi aiki a ƙasashe da yawa, har da Bama. Malamin da ke kula da laburare ya ga na ƙwallafa rai, ya ba ni aronsa na tafi da shi hutun damina.

Zanen bai fi tafin hannu ba. Na ja masa ƙananan murabba'ai da fensir, yadda aka koya mana ƙara girman taswira, na maimaita su ninki huɗu a kan takardar buhun siminti. Duk abin da zan yanka sai na auna da rula sau biyu. Da safe muna gona, muna maimai a masara, bayan azahar kuma ina bayan rumbu da wuƙa da wani gungumen rimi. Icen rimi ba shi da tauri, amma yana da saurin fashewa, fukafukai uku na ɓata kafin in sami biyu da suka yi daidai da juna.

Tayoyin na yanko su daga tsohon silifas. Salansar hayaƙi guda shida, uku kowane gefe, na yi su da bututun biro. Gilashin matuƙi kuwa robar nan ce mai haske da ake sawa a wuyan sabuwar riga, na gasa ta a bakin murhu har ta lanƙwasa. Abin da ya fi cin lokacina shi ne suturta jikin. Na tara gwangwanayen madara, na buɗe su, na daddale su da kwalba, na yayyanka, na bi jirgin daga hanci har wutsiya ina kafa su da kan fil. Yatsuna duk yanka. Innata takan leƙo ta ce, "Wannan jirgi dai kafin ya tashi sai ya shanye jininka."

Mako shida na yi. Ranar da na gama sa gwangwanin, ban ko yi fenti ba, na ɗauke shi na kai wa Kawu. Tausayi ne ya kai ni, ina ganin ko zai sami abin taɓawa.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya fara daga farfela, ya ƙirga ruwanta uku. Ya bi salansa da babban yatsa. Ya kife shi, ya laluba cikinsa, ya sami ɗan akwatin da ke tsakanin tayoyi.

"Shi ne," ya ce. "Nan ciyawa take shiga, mu muke zaƙule ta."

Sai yatsunsa suka wuce mazaunin matuƙi, suka tsaya.

"Wa ya ce ka sa gwangwani a nan?"

"Haka yake a littafi, Kawu."

"Littafin ne ya faɗa, ko kai ka ga dama? Daga nan zuwa wutsiya haƙarƙari ne. In ka shafa sai ka ji su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle, kamar laima."

Ya miƙo mini, ya jawo rediyonsa. Bai yi fushi ba. Ya dai saba a ƙi yarda da shi.

Tambayarsa ta tsaya mini a rai, domin littafin bai ce gwangwani ba, ni na ɗauka haka. Na koma kan hoton. Akwai wasu siraran layuka a bayan jirgin waɗanda tun farko na gani, na ɗauka ɗab'in ne ya ci tawada. A ajinmu akwai wani yaro Bayarabe, haifaffen Funtuwa, babansa yana gyaran agogo kusa da tasha. Na yi ta zagaya teburin mutumin kafin in iya buɗe baki. Ya ba ni gilashin da yake maƙalawa a ido, ya ce in duba a gabansa, kada in je ko'ina da shi.

Ta cikin gilashin abin ya fito sarai. Gaban jirgin sumul yake, faranti kusa da faranti. Daga bayan matuƙi kuwa layukan sun miƙe har wutsiya, kowane da haske a samansa da inuwa a ƙasansa, tsakaninsu ya ɗan loɓa. Ƙarfe ba ya loɓawa haka. Na ƙirga su, na rubuta a tafin hannuna.

Kwana biyu ina kallon jirgin na kasa taɓa shi. A na uku na sa bakin wuƙa na ɓamɓare gwangwanin baya gaba ɗaya. Na fere icen har ya zama siriri, na yi zobba biyar na waya, kowane bai kai na gabansa girma ba, na jera tsinkayen tsintsiyar kwakwa a kansu na ɗaure da zare. Sai ƙyalle. Na gwada tsohon hankici, ya tattare wajen wutsiya. Na gwada gefen zanen Inna, ya yi kauri, haƙarƙarin suka ɓace. Mutum ɗaya ne a layinmu yake da irin yadin da nake so, kuma shi ne wanda ba na son zuwa wurinsa.

Na je da rana tsaka, lokacin da babu kowa a benci. Na gaishe shi, na tsaya ina kame-kame.

"Ɗan boko, magana za ka yi ko awo ka zo?"

Na fito da jirgin daga cikin kwali. Ya tsayar da keke.

"A'a. Cutar gidanku ce ta kama ka kai ma?"

Duk da haka ya karɓa. Ya jawo buhun ƙyallaye, ya zaɓo wani farin yadi marar kauri, ya ɗora, ya ja, ya ga ya tattare. Ya yi tsaki, ya sake yanko wani a karkace, ya ce yadi ba ya bin abu mai tsukewa sai an yanka shi haka. Wannan karon ya kwanta. Shi ya ɗinke mini shi ta ƙarƙashi, da ɗinki ƙanana, yana yi yana mita wai na hana shi aikin mutane.

Kawu ya ce su wani ruwa mai wari suke shafawa, in ya bushe sai ƙyallen ya ɗaure. Ba ni da wannan, sai na jiƙa ƙaro na haɗa da sitaci. Damina ce, sai da ya kwana uku kafin ya bushe. Amma da ya bushe, na ƙwanƙwasa da farce, ya yi 'yar ƙara kamar kalangu. Na kai shi hasken rana na ajiye kusa da littafin. Inuwar da ke jikinsa ita ce inuwar da ke hoton.

Da la'asar na kai jirgin da littafin shagon tela, dattawa uku suna zaune. Na ajiye su a kan teburin yanka. Suka yi ta miƙa wa juna. Telan ya daɗe yana duban hoton, ya duba jirgin, ya koma kan hoton.

"To, mu ce ƙyalle ne," ya ce. "Wa ya ce shi ya ɗinka? Ƙyallen da aka ɗaure tamau, ba ka da hanyar sa hannu ta baya, yaya za ka ɗinke shi?"

Da yake mutum ne mai gardama ko da kansa, sai ya ɗauko kwanon sha, ya shimfiɗa ƙyalle a bakinsa, ya ɗaure da igiya, ya tsaga tsakiya da reza. Ya sa allura. Ta shiga, ta ƙi dawowa. Ya matsa, tsagar ta ƙara tsawo. Dattawan suka fara yi masa dariya.

"Je ka ce wa Saja ina gaishe shi," ya ce da ni. "Ka ce ya zo ya raba ni da wannan kwano."

Na je na faɗa wa Kawu. Ya ce in miƙo masa hularsa.

Da muka iso aka matsa masa wuri. Ya shafa ƙyallen, ya ce a ba shi allura mafi tsawo. Ya sa na riƙe ta da filaya a kan garwashin dutsen guga har ta yi ja, ya ce in lanƙwasa ta kamar lauje. Na zura masa zare. Bai ko sunkuyar da kai ba, tunda ba da ido zai yi ba. Allurar ta shiga ta cikin tsagar, ta ɓullo ta ƙarƙashin gefen dama, ta koma cikin tsagar, ta ɓullo ta hagu. Haka ya yi ta yi, yana ja a hankali, bakin ƙyallen biyu suna haɗuwa, babu wanda ya hau wani. Da ya kai ƙarshe ya ce a yanko masa maho, amma a yi wa gefensa haƙora kamar zarto.

"Don kada ya zare," in ji telan, a hankali, kamar da kansa yake magana.

Ya ɗauki kwanon ya kai bakin ƙofa inda haske yake. Ya bi ɗinkin da farce.

"Wannan ba ɗinkin dukawa ba ne, ba kuma namu ba ne. Saja, ina ka koyo shi?"

"Shekara nawa ina gaya maka?"

Babu wanda ya ba shi haƙuri, shi ma bai nema ba. Telan ya aika a kawo masa goro. Ɗaya daga cikin dattawan, wani Alhaji mai awon auduga, ya matso ya ce, to jirgin ya sake tashi kuwa?

"Washegari da safe," in ji Kawu. "Na tsaya a bakin fili ina kallonsa har ya shige gajimare, ina cewa yanzu iska za ta farke mini aiki."

"Ta farke?"

Kawu ya ɓare goronsa, ya ba ni rabi.

"Alhaji, jakar da na ɗinka maka ka je Makka da ita, ta farke?"