Inna Ba Ta Shan Ruwa Ranar Tafiya

Ina da shekara goma sha uku ranar da Inna ta fara tafiya da ni birni. Dakwa take sayarwa, gyaɗar da take soyawa ta niƙa har ta yi laushi, ta cika robobi ta jera a kwando. Ƙauyenmu yana bakin kogi, kudu da Mai Wurno, kuma ƙaramar motar haya da muke kira hafla ita ke kai mu.

Da safen nan na ɗebi ruwa a randa na kafa kai. Inna ta riƙe mini hannu.

"Kurɓa biyu ya isa, ɗiyata."

"Inna, zafi fa za a yi yau."

"Na sani. In kin sha, ina za ki zagaya?"

Ban gane nufinta ba sai da muka isa tashar birni. Akwai rumfar direbobi, akwai masu shayi, akwai randunan sadaka ƙarƙashin bishiya. Maza kan sha su ƙoshi, in fitsari ya matse su sai su bi bayan katanga. Makewayi ɗaya ne kusa da wurin alwala, na maza. Ɗakin da aka ce na mata ne, wani mai gyaran taya ya sa masa kwaɗo yana ajiye kaya a ciki.

Haka muka wuni a layin mata masu talla a tashar. Da azahar leɓunana suka bushe, Inna ta jiƙa gefen mayafinta ta goga mini. Matan da ke zaune layinmu, mai ganyen rama da mai tsamiya, duk haka suke yi. Komawa ma sai an jira, domin direba ya fi son namiji mai hannu sake a kan mace mai kwando. Sai motoci biyu ko uku sun cika sun tafi kafin a ce mana mu hau. Muna shiga gida Inna ta yar da kwando ta nufi bayan gida da sauri, ta fito ta sha kofi uku a tsaye.

Shekaru ta yi a haka. Na gama makaranta, na fara koyarwa a ƙauye, ita tana nan tana zuwa. Sai ta fara dafa kwiɓi in za ta tashi. Da zazzaɓi ya ƙi sauka na kai ta wurin likita. Ya ce ƙodarta ce, akwai tsakuwa, akwai ciwo da ya daɗe. Ya ce mata, "Hajja, ki riƙa shan ruwa da yawa, tun daga safe."

Ta dube shi ta ce, "Likita, a tasha nake wuni. In na sha, ina zan je?"

Ya ci gaba da rubuta magani.

Ta gwada sau ɗaya, saboda na yi ta roƙonta. Ranar na raka ta. Ta sha da safe, ta ƙara da hantsi. A hanyar dawowa na ga tana murza bakin mayafi, gumi yana zubo mata. Na ɗaga murya na ce direba ya tsaya. Ya tsaya, amma a fili ne, an girbe dawa, ko kara ɗaya babu a tsaye. Wata tsohuwa da ban sani ba ta sauko ta kwance babban mayafinta, ni na kama gefe ita ta kama gefe, muka kare Inna. Ba a jima ba direba ya danna oda. Wani a cikin motar ya yi dariya.

Inna ta dawo ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska. A ƙofar gida ta miƙa mini kwandon ta ce, "Kai wa ƙanwar babanki, ta yi talla da shi. Na bar zuwa."

Ta ƙara shekara biyu a gida. Tana niƙa dakwa kaɗan wa maƙwabta, amma hirarta ta ragu. In wani ya dawo daga birni sai ta tambaye shi ko ya ga mai rama, ko mai tsamiya ta aurar da ɗiyarta. Ƙafafunta suka fara kumbura, daga baya fuskarta. Ta rasu bayan girbi, da hantsi, kanta a kan cinyata.

Muka aika saƙo ta hannun wani direba. Ranar Juma'a matan layinta su bakwai suka zo gaisuwa daga tasha kai tsaye. Mai rama ta kama hannuna ta ce wurin Inna yana nan, ba su bari kowa ya shimfiɗa buhu ba. Ba su daɗe ba suka tashi, don kada motar ƙarshe ta wuce su. Na raka su bakin hanya, muka tsaya cikin rana har ta iso.