Ɗan'iya Mai Kotso da Waƙar Sansa

A Sanyinna aka haifi Ɗan'iya. Bai gaji kiɗa ba, don mahaifinsa manomi ne da ko tafi bai iya ba. Kotson farko da ya riƙa na wani makaɗi ne da ya sauka gidansu ya kwana biyu yana zazzaɓi. Kafin baƙon ya warke Ɗan'iya ya hana unguwa sakat, sai mutumin ya koya masa riƙon kirki don kunnuwansa su huta.

Da ya girma ya samu 'yan amshi biyu, Atu da Gazali, suna bin gayyar noma. Sai dai waƙa ba ta zuwar masa sai yana bayan garma, yana bin sansa na huɗa mai suna Goje. Duk baitin da ya fito, Goje yake wa. Ya yabi tozonsa, ya yabi wuyansa, har ranar da san ya kutsa gidan wata maƙwabciya, Batula, ya cinye mata dawa ta kore shi da taɓarya, sai da ta shiga waƙa.

Wata shekara wani babban dillalin hatsi na Tambuwal, Alhaji Attahiru, ya aiko yana son waƙa ranar da zai tare a sabon gida. Ga shi rani ne, babu huɗa. Ɗan'iya ya yi kwana shida yana zagaya tsakar gida, ko baiti ɗaya bai samu ba.

Matarsa Tambaya tana tankaɗe ta ce, "Malam, mi ka sani ga Alhajin nan?"

"Ƙato ne, shina da wuya. Shi ke nan."

"To ba ga waƙar Goje ba? Cire sunan sa ka sa na mutum."

Haka ya yi. Ya zauna da 'yan amshinsa ya tsame ƙaho da bindi da harawa, ya ja musu kunne a kan baitin Batula.

Ranar taro aka cika ƙofar gida. Kotso ya ɗauka, Ɗan'iya ya kira Alhaji bajimi mai tozo wanda ba ya ja da baya, Alhaji yana gyara babbar riga yana gyaɗa kai. Kiɗa ya yi daɗi, Gazali ya lumshe ido, bakinsa ya koma inda ya saba. Sai ji aka yi ya rangaɗa, "Kai ne ka shiga gidan Batula, ta fito maka da taɓarya!" Atu kuma ya amsa masa da iyakar ƙarfinsa.

Ɗan'iya ya fara duban hanyar gudu. Can wani tsoho ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi, sauran dattawa suka bi. Ashe Alhaji yana saurayi ya taɓa zuwa zance wurin wata Batula a Kebbe, kakarta ta biyo shi da taɓarya har bakin rafi, ya bar takalmi ɗaya. Shekara arba'in ba wanda ya tayar da maganar.

Alhaji ya yafito Ɗan'iya, ya rage murya. "Wa ya gaya maka?"

Ɗan'iya ya ce, "Ranka ya daɗe, mu makaɗa muna da namu hanyoyi."

Da babur sabo ya koma gida, Gazali na tura shi, don babu wanda ya iya tuƙi a cikinsu.

Daga nan sunansa ya kai Kebbe da ƙauyukanta, ana cewa makaɗin Sanyinna ya san asirin kowa. Masu hali suka riƙa gayyatarsa, wasu don yabo, wasu don kada abokan hamayya su riga su, su sa ya tona musu asiri. Shi kuwa bai sauya hanya ba. Waƙar wani mai shanu na Kebbe asalinta ta jakin Atu ce, ta wani ɗan kwangila kuma ta zakaran Tambaya ce, kuma kowannensu ya rantse an faɗi halinsa daidai. Da Goje ya tsufa ya mutu, Ɗan'iya ya yi masa waƙa mai tsawo, ya rera ta sau ɗaya a gona, ya ƙi sauya ta ya ba kowa.

Yanzu ya haura saba'in, hannu ya yi nauyi, kunne ma ya ja baya. Waƙoƙinsa suna yawo a wayoyin mutane, 'yan kabu-kabu na saka su a tasha. Kwanan baya ya hau bayan wani zai je duba 'yarsa Hamdiya a Tambuwal, waya na ta kiɗa a aljihun mai babur. Ya saurara har suka wuce gonaki biyu, sannan ya taɓa kafaɗarsa.

"Wane na wanga mai murya awa akuya ta maƙale a danga?"

"Baba, ai kai ne."

Ɗan'iya ya sake kasa kunne, babur na ta tsalle a ramuka. Can ya ce, "To ƙara sauti. Kiɗan dai ya yi kyau."