Mai Makulli da Ƙwayar Azahar

Mijin yayata mai yankan makulli ne. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene a bakin kasuwa, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da fitilu. In mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya iya juyawa. Bango duk kusoshi ne, kowace kusa da makullan da ba a yanka ba suna reto, a ƙasa kuma ga tsohon gwangwanin fenti cike da matattun kwaduna, wai wata rana za a nemi sifirin ɗin cikinsu, 'yar murɗaɗɗiyar wayar nan mai tura ƙarfe. Kowa Mai Makulli yake ce masa. Ni dai tun ina yarinya na sa masa Kurma, don sai bakinka ya gaji kafin ya ce uhm. Shi kuma ya rama, ya sa mini Rediyo, a haka muka tsufa.

Halinsa biyu ne suke ci mini rai. Na farko, a wurinsa abu bai yi kyau ba sai ya yi wuyar buɗewa. Har gwangwanin sukarin gidansu sai da ya yi masa ɗan marfi mai ƙugiya, baƙo ya yi ta kokawa da shi shayi na hucewa. Na biyu, ba ya nuna aikin da bai gama ba. Da ka leƙo shago zai ja tsumma ya rufe, ko da kuwa kwadonka ne.

Yaya ba irinsa ba ce. Mace ce mai zafin nama da baki, wadda ba a yi mata abin da za ta iya yi da kanta. Gidansu ƙarami ne, amma kowace kusurwa da hannunta a ciki, daga tukwanen furanni da ta jera a bakin ƙofa har labulen da ta ɗinka. Da hannunta na dama ya fara rawa, ta ce gajiya ce. Da na hagu ya bi sahu, likita ya faɗi sunan ciwon, ya rubuta mata wasu ƙananan ƙwayoyi farare, safe da azahar da yamma, ya ja kunne cewa ba a jinkirta su kuma ba a haɗa biyu.

Na safe da na yamma ba su da matsala, don Mai Makulli yana gida. Ba ya sa mata a baki, wannan ko da wasa Yaya ba za ta yarda ba. Ta ce ita ba akuya ba ce da za a buɗe mata baki a ɗura. Sai dai ya ajiye ƙwayar a faranti ya juya baya kamar yana neman wani abu, ita kuma ta yi ta fama har ta kai baki. Ta azahar ce abin ji. Kullum sai ya rufe shago ya hau mota ya zo gida, ya ajiye ƙwaya a faranti ya juya baya, ya sake hawa mota ya koma, ga gwiwa mai ciwo. Ya gwada barin ta a farantin tun safe, in ta tsere daga yatsun Yaya ta gangara ƙarƙashin kujera, shi ke nan.

Wata rana aka zo da gudu aka ɗauke shi, wata tsohuwa ta kulle kanta a banɗaki makulli ya karye a ciki. Bai samu kansa ba sai can la'asar. Ya iso gida ya tarar da kwalbar magani a ƙasa, ƙwayoyi sun watsu ko'ina, Yaya a zaune dirshan a tsakiyarsu jiri na ɗibarta. Ta yi kokawa da murfin har ya buɗe, komai ya zube. Ta rarrafa ta tsinta, ta ɗauka da harshe daga tafin hannu, kuma ba ta iya tuna ko ɗaya ta haɗiye ko biyu ba.

Labari ya kai kunnen babbar 'yarsu, wadda muke kira Manaja tun tana ƙarama saboda son ba da umarni. Ta zo da yamma daga ofis ko jaka ba ta ajiye ba.

"Baba, wannan ba rayuwa ba ce. Ƙarshen wata zan zo in tafi da Umma gidana. Akwai mai aiki, akwai ɗaki a ƙasa, ba hawa bene."

"Ba inda za ni," in ji Yaya.

"To wa zai ba ki na azahar, Umma? Baba zai bar shago ne, ko Inna za ta bar wurin aikinta?"

Innar ni ce, kuma gaskiya ta faɗa, don kantin yadin da nake aiki yana can wani gefen gari. Na so in yi mata tsawa, amma yarinyar idonta ya yi ja, tsoro ne ke magana a bakinta. Yaya ta ce ita da kanta za ta riƙa sha. Manaja ta ce in har ta gani da idonta Umma ta sha da kanta, ba wanda ya taɓa mata, to ta janye maganar. Mai Makulli kuwa ya ɗauki kwalbar yana jujjuya murfin.

Daga ranar tsumma ya rufe wani abu a kan teburin shagonsa. Na tambaya, ya ce Rediyo ta rage murya. Ranar hutu ya kira ni gida, ya zaro abin daga aljihu yana wani ƙasaita. Wallahi ya yi kyau. Ɗan siriri ne kamar yatsa, na tagulla, ya goge shi har kana ganin fuskarka. Ya jera ƙwayoyi a ciki ɗaya bisa ɗaya.

"A danna nan, a murɗa dama, sannan a ja," in ji shi. Ya yi, abin ya ce ƙas, ƙwaya ɗaya tak ta faɗo tafinsa.

Yaya ta karɓa. Ya sulɓe ya faɗi cinyarta. Ta sake ɗauka, ta danna, kafin ta murɗa yatsan ya zame. Ta sake, ta sake, kuma ciwon nan in ana kallon mutum ƙaruwa yake yi, har abin ya fara bugun zobenta yana ƙara. Can ta ajiye shi a hankali a kan tebur.

"Ya yi kyau, Malam. Sannu da ƙoƙari."

Ta miƙe ta shige ɗaki ta saki labule. Ni kuwa raina ya gama ɓaci, na juyo kansa.

"Kurma, wannan ɓarawo ka yi wa ko matarka? Wa kake tsoron ya sace ƙwayar da ka sa mata kwado?"

"Tsoro nake kar biyu su fito," in ji shi. "Ba ke kika tarar da ita ran nan ba."

Na ji tausayinsa ya kama ni, don mutumin nan duk rayuwarsa abu ɗaya ya iya, ya hana ƙofa buɗewa ga wanda bai dace ba, kuma da wannan ɗin ya so ya tsare matarsa.

Bayan kwana biyu ya aiko in biyo ta shago in na tashi daga aiki. Na tarar da shi tsaye da abin a hannu.

"Riƙe gwiwar hannuna ki girgiza."

"In yi me?"

"Ki girgiza, kamar nata."

Na kama na girgiza, kuma ban ɓoye ba, na huce haushin shekaru. Mai gyaran takalmi ya leƙo ya ga dattijo da dattijuwa suna wannan abu, ya koma yana dariya har da tari. Mai Makulli ya danna, ya murɗa, ya kasa. Abin da ya ƙera da hannunsa ya ƙi buɗe masa. Ya cire murɗawar ya bar dannawa kawai, muka sake gwadawa washegari, ƙwaya ta fito amma ta yi tsalle ta faɗa gwangwanin kwaduna. Ya sassauta sifirin, sai uku suka zubo tare.

Na gaji na ce masa, "Ni fa girgizar ƙarya nake yi. Ka je ka dubi hannunta mana, ka ga yadda yake yi."

Ya ce, "Ban taɓa duba ba."

Na ɗauka wasa yake. Ashe tun da ciwon ya fara, Yaya ɓoye hannun take yi a ƙarƙashin mayafi, shi kuma yana kawar da kai don kar ta ji kunya. Suna ɗaki ɗaya, suna cin abinci tare, amma bai san yadda hannun matarsa yake rawa ba.

"Ba ta son a kalla," in ji shi.

"Baƙo ne kai? Je ka roƙe ta."

Ban san yadda suka ƙare ba, ba wanda ya gaya mini a cikinsu. Na dai zo wata yamma na tarar da abin da ban taɓa gani ba. Magagari da filaya da guntayen roba a baje a kan teburin cin abinci, ba tsumma a kai, ga Yaya zaune ta miƙa masa hannu a fili yana rawa a cikin nasa. Ya sa tabarau yana kallonsa kamar yadda yake kallon cikin kwado.

A nan ya ga abubuwan da girgizata ba za ta nuna masa ba. Babban yatsanta ba ƙarfi, amma in ta dunƙule hannu gaba ɗaya a kan abu mai kauri, rawar takan lafa na ɗan lokaci. In ta manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ya fi tsayuwa. Kuma ita ce ta gaya masa cewa fitowar ƙwayar ba ita ce wahalar ba, wahalar ɗaukarta daga tafi zuwa baki ce, a nan take tserewa. Ya kawo sabulu mai laushi, irin wanda yake danna makulli a kai in zai ɗauki siffarsa, ya ce ta matse. Ta matse, shatin yatsunta ya fito.

"Yanzu kuma makulli ka mayar da ni?" in ji ta.

"Ke kin fi kwado taurin kai," in ji shi. Ranar na ji dariyar Yaya da na daɗe ban ji ba.

Mai kantin magani ya ce masa kar ƙwaya ta zauna cikin tagulla, ya ba shi siririn bututun roba mai tsabta. Ya sa bututun a cikin robar hannun keke, ya fere ta daidai shatin sabulun. A ciki akwai ɗan faifai mai rami wanda ƙwaya ɗaya kawai yake ɗauka. In an matse, faifan ya tura ta zuwa wani ɗan baki da ake sawa a leɓe, kuma ba ya komawa ya ɗauko wata sai an saki hannu gaba ɗaya, komai rawar da aka yi a tsakani. Ya ɗaura masa igiya ta rataya a wuya. Muni kam ya yi muni, baƙi ƙirin kamar guntun tiyo. Na ce masa wannan ko a bola aka yar ba mai ɗauka, ya ce ba don ni aka yi ba.

Ƙarshen wata Manaja ta zo da mota gab da azahar. Ta riga ta gyara ɗakin, ta sayi sabuwar katifa, har ta taho da akwati babu komai a ciki don kayan uwarta. Ni ma na nemi izini a wurin aiki na zo. Mai Makulli ya rufe shago ya dawo kamar kullum, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu.

Yaya tana kan kujerarta, kofin ruwa a gefe. Muka zuba mata ido, abin da ta fi tsana a duniya. Hannun ya tashi da rawa fiye da kullum. Ta laluba igiyar, abin ya kuɓuce ya yi lilo a ƙirjinta. Manaja ta yunƙura, na riƙe mata zane. Yaya ta sake kamawa, ta manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ta kai bakin abin leɓenta, ta runtse ido ta matse. Muka ji ƙas. Ta buɗe baki ta nuna wa 'yarta ƙwaya ɗaya a kan harshe, kamar yarinya mai tsokana.

Sannan ta ɗauki kofin da hannu biyu. Rabin ruwan ya zube a rigarta kafin ta kurɓa ta haɗiye.

"Umma, dubi rigarki," in ji Manaja.

"Ruwa ne, zai bushe. Ki mayar da akwatinki mota, ki zo ki zauna mu yi hira."

Manaja ta durƙusa ta kifa kai a cinyar uwarta, a kan jiƙaƙƙiyar rigar, tana kuka. Yaya ta ɗora mata hannun nan mai rawa a ka, ba ta ɓoye shi ba. Sai ta ɗago ta dubi mijinta da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Malam, me kake jira? Koma shago, mutane na can suna jiranka. Gobe kuma kar in ga ƙafarka a gidan nan sai yamma."

Ya sa hula ya fita. Na leƙa ta taga na gan shi yana ɗingisawa zuwa bakin titi, ya kai wajen tukwanen furannin maƙwabta ya tsaya, ya cire hular ya goge ido da ita, ya waiwayo ya daɗe yana kallon gidan. Sannan ya tsayar da mota ya hau.