Inda Layin Baba Eladio Ya Yanke

Kullum da safe, kafin a buɗe shagon burodi, Baba Eladio Carballido zai fito daga gidansa da ke ƙarshen ƙauyen Fraguela, guduma a wannan aljihu, gutsuren burodin masara a wancan, ya kama hanyar tudu. Matarsa Herminia za ta leƙo ta taga ta ce, "Kai tsoho, hularka!" Shi kuma ya ce, "Kan nan ya fi dutse tauri, ke ma kin sha faɗa." Haka muka taso muka same su. Ko ana ruwa sai ya hau, kuma a nan yankinmu na Galisiya yaushe ne ba a ruwa?

A saman tudun akwai kufan mutanen da, Keltawa in ji masu bincike: ganuwar dutse ta zagaye ɗakuna masu da'ira, duk ba rufi. Eladio magini ne, irin mai jera dutse kan dutse ba siminti. Yana saurayi masu tonon tarihi suka ɗauke shi aiki, a can kuma ya tsufa. In suka tono bango ya tsaya iya gwiwa, shi ke tattara duwatsun da suka zube ya ɗora har ya kai ƙugu, don kada damina ta ƙarasa shi.

Aikin yana da ƙa'ida guda. Kafin ka aza dutsenka na farko, sai ka shimfiɗa siraran fallayen baƙin dutsen nan da muke rufin gida da shi, wanda muke kira lusa. Abin da ke ƙasan layin lusa, hannun mutanen da ne. Abin da ke samansa, hannun Eladio. Duk wanda ya zo daga baya, kallo ɗaya zai yi ya san inda tsohon bango ya tsaya.

Ramiro mai shagon kofi yana nan da ransa, ku tambaye shi. Da idonsa ya ga Eladio ya rushe bangon da ya riga ya kammala, don kawai ya manta da lusa a wani wuri da bai fi tafin hannu ba. Sabela Outeiro, wadda ke shugabantar tonon yanzu, ta ce tana ɗaliba ruwa ya taɓa ɓarkewa a kan wani murhu da suka tono, tokarsa tana nan yadda masu shi suka bar ta. Kafin a kawo tamfol, Eladio ya tuɓe kwat ɗinsa ya rufe murhun, ya tsaya yana rawar sanyi. Bai taɓa ba da labarin nan ba, ita ce ke bayarwa.

Kai ne, Baba Eladio, maƙwabcin waɗanda ba su da maƙwabci. Kai ne ka gyara gidajen mutanen da ba za su taɓa ce maka sannu ba.

To, bara da rani wuta ta ci tudun. Abin ba mamaki. Da can awaki ke cinye ƙayar da ke kewaye da ganuwa. Yanzu ina awakin? Ina masu kiwon? Matasa duk sun watse birni, an bar mu da tsofaffi da karnuka, ƙaya ta fi tsayin mutum. Da wutar ta mutu muka hau, ni dai zuciyata ta karye. Dutsen ganuwa ya jure, amma lusa ba ta jure zafi. Ta farfashe, ta zube kamar ɓawon ƙwai. Sama da ƙasa duk sun zama baƙi ƙirin, layin ya ɓace a fiye da rabin bangon. Tsofaffin hotunan da ake da su daga nesa aka ɗauka, sun taimaka a wasu wurare, a wasu ko kaɗan. Wanda zai iya mayar da layin mutum ɗaya ne, shi kuma a bara ɗin ne likita ya gaya masa jijiyar idonsa na mutuwa, ba magani.

A shagon Ramiro aka yi maganar.

"Haba Eladio, bar shi mana!" in ji Ramiro yana goge kofi. "Yanzu duk bangon ya zama na Keltawa. Ka zama Bakelte a kyauta, me kake nema kuma?"

"Kai da ko katangar kaji ba ka iya ba," in ji Eladio.

"Na ji. Amma wa zai sani? Baƙin da ke zuwa hoto kawai suke ɗauka su wuce."

"In ɗora wa matattu aikina? Ba su da bakin cewa ba namu ba ne. Kai ka yarda a yi maka haka in ka kwanta?"

Ramiro ya koma kan goge kofinsa.

Da kaka suka fara mayar da layin, Eladio da Sabela. Ita ke riƙe kwandon lusa, shi yana durƙushe yana shafa bango da yatsu, fuskarsa dab da dutse kamar mai neman allura. "Wannan nawa ne, 'yata, ga cizon gudumata." Sai ta duba zanenta inda akwai zane, ta ce, "Haka ne, Baba," ya cusa fallen lusa, su matsa gaba. Herminia takan hau da tukunyar miyar kabeji tana mita: "Ku kashe min shi, ku huta." Amma ita ce ke riƙe masa hannu a gangara. Kowane mako ganin yana raguwa. A farko yana iya bambance dutse da dutse, daga baya sai dai haske da duhu.

Haka suka zagayo har ƙofar arewa. A nan ne ya fara aiki yana saurayi, lokacin da ba ya sassaƙa komai, yadda ya tsinci dutse haka yake aza shi, kamar yadda masu wurin suka yi. Babu cizon guduma, babu hoto. Ya shafa daga sama zuwa ƙasa, ya sake shafawa. Ya dawo washegari, ya sake dawowa, har yatsunsa suka tsage.

"Baba," in ji Sabela, murya ƙasa-ƙasa, "sa shi inda zuciyarka ta fi kwanciya. Ba wanda ya fi ka kusa da sani."

"Kusa da sani ba sani ba ne, 'yata."

"To ya za mu yi?"

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da bangon. "Ko dai ni na iya kamar su, ko su ne suka yi sakaci kamar ni," ya ce, ya yi 'yar dariya. Daga nan sai hawaye. Sabela ta ce ba ta taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar da aka binne ƙaninsa. Ya miƙa mata fallen da ke hannunsa ya ce, "Mayar kwando. Wanda ya tambaya, ki ce a nan tsohon ya manta."

Ranar ce ta ƙarshe da ya hau tudun. Idon ya rufe kafin hunturu ya fita, kuma har yau ba a sami wanda zai gaje shi ba. Abin yana ci min rai, ba zan ɓoye ba.

Mun gode, Baba Eladio. Mun gode da bangon da ka tayar, mun kuma gode da wurin da ka ƙi yi mana ƙarya, alhali da ka yi, ba mai kama ka har abada. Allah ya sanyaya maka wannan duhu.

Ku kuma 'ya'yan Fraguela da ke birni, a cikinku a sami ko mutum ɗaya ya dawo ya zauna kusa da shi ya koya, tun bakinsa na magana. Duk mai gyara aikin wani, ya sa alama inda nasa ya fara. In kun hau tudun, ku bi baƙin layin da yatsa har ƙofar arewa. A nan zai yanke, wajen tsawon mutum a kwance, sannan ya ci gaba. Kada wani mai kirki ya ga giɓi ya ce zai cike. Ku bar shi yadda ya bar shi.