Gayyar Yaya Bala da Baƙon da Kuka Kora

Daminar bana ta cika shekara takwas da rasuwar yayana, Bala Mai Usur, wanda ya kafa ƙungiyar ƙwallo ta Taurarin Tasha a nan Kaura Namoda, ya kuma horar da ita har ciwon ajali ya kwantar da shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na so a ce addu'a kawai zan yi in ajiye alƙalami kamar yadda na saba. To amma bana raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba, domin sunan Yaya ya zama abin wasa a garin nan, duk wanda ya tashi rigima sai ya ɗauko shi ya yi garkuwa da shi.

Ga wanda bai san halin da ake ciki ba, ƙungiyar tana can ƙasan tebur, saura ƙiris ta faɗa ƙaramin rukuni. Shugabanta, Alhaji Mudi dillalin hatsi, ya ɗauko sabon koci daga Kaduna mai suna Isiyaku, na uku ke nan cikin shekara biyu. Tun daga ranar magoya baya suka rabu gida biyu. A teburin mai shayi da inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja, wasu na cewa a ba baƙo lokaci, wasu na cewa ya tattara komatsansa ya koma inda ya fito. Kowane ɓangare kuwa da magana ɗaya yake rufe baki: "Da Bala na da rai."

Da Bala na da rai, sai me? Bari in tuna muku, tunda mantuwa ta yi muku daɗi. Yaya ba waliyyi ba ne. Mutum ne mai zafin rai da taurin kai, dabararsa a fili kuma ba ta wuce a buga gaba a bi da gudu ba. An ci shi, an kuma cin shi. A kakarsa ta ƙarshe, yana tari yana dafe da ƙirji a bakin fili, ku ɗin nan kuka riƙa jifansa da ledar ruwa kuna cewa ya tsufa. Lawali, jagoran masu ihu a yau, yana cikin waɗanda hannunsu ya fi saiti a ranar. Ni ne na rako Yaya gida rigarsa sharkaf.

Abin da Yaya ya riƙe, wanda ya tsayar da ƙungiyar nan da ƙafarta, gayya ce. Mafi yawan 'yan wasansa 'ya'yan manoma ne daga Sakajiki da Katuru da ƙauyukan Zurmi, kuma babu uban da zai saki ƙaton ɗansa ya je bin ƙwallo alhali ciyawa na cin gero. Saboda haka da zarar noma ya kama, sai Yaya ya kwashi ƙungiyar kaf, har da mai tsaron gida da 'yan benci da magoya bayan da suka samu hali, kowa da fartanyarsa. Wannan Asabar gonar uban wane, mai zuwa gonar uban wane. Kafin azahar an share gona, an sha fura, uba ya sa albarka ya ce a tafi da yaro. Haka ake samun 'yan wasa, haka kuma ake riƙe su.

Ranar da Alhaji Mudi ya karɓi shugabanci, abin da ya fara sokewa ke nan. Ya ce ƙungiyar ƙwallo ya zo shugabanta, ba ƙungiyar manoma ba. Ya raba sabbin riguna masu sheƙi, kuka yi ta tafi har da fito. Ina wurin, na ga bakin kowa. Daga nan iyaye suka fara janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya ba faɗa. Duk kocin da aka kawo sai ya tarar da riguna sun fi 'yan wasa yawa, a ci shi, a kore shi, a nemo wani. An bar jaki ana dukan taiki.

Ban ce zamani bai canza ba. Hanyar Shinkafi da ta Zurmi ba yadda Yaya ya bar su suke ba, ni kaina ba zan ce ɗan kowa ya bi su da sassafe saboda ƙwallo ba. Amma akwai gonaki na bakin gari da har yau ake nomawa, masu su kuma ba su taɓa buƙatar hannu kamar yanzu ba.

A watan jiya Alhaji Mudi ya zo gidana da fara'arsa. Yana son a shirya wasan tunawa, a sa kofi da sunan Bala, a kafa ƙaton hotonsa a bakin fili, iyali kuma su zo su zauna a gaba. Na gane karatun. So yake ya lulluɓe kansa da likkafanin yayana, ihu ya lafa. Bai daɗe da fita ba Lawali ya iso da tawagarsa.

"Malam, kai ka hwaɗi a ji," in ji shi. "Ka hito ka ce da Bala na nan, da wanga baƙo bai kwana garin ga ba. Aradu in ba a kore shi ba ƙungiyag ga ta mutu."

Amsa ɗaya na ba su duka. Na ce duk mai son sunan Bala, mu haɗu ranar Asabar da safe a gonar Malam Garba ta bakin Sakajiki, ya zo da fartanya. Malam Garba shi ne mahaifin Nura, ɗan wasan gaban da kowa ke kukan rashinsa tun farkon damina. Na ce in an yi wannan, su ɗauki sunan su yi abin da suka ga dama da shi.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Alhaji ya aiko direbansa da jakar ruwan leda da saƙon cewa uzuri ya taso. Lawali da jama'arsa ko ƙeyarsu ban gani ba. Wanda ya sauko daga kan babur da aron fartanya, 'yan wasa huɗu na biye da shi, Isiyaku ne, baƙon da ake zagi. Ban gayyace shi ba, a bakin mai shayi ya ji labari. Ɗan birni ne, bai iya ba ko kaɗan, ya sare gero ya bar ciyawa ya fi a ƙirga, har Malam Garba ya riƙe ciki don dariya. Kafin rana ta take tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, amma bai ajiye fartanyar ba sai da muka kai ƙarshen kunya.

Da muka zauna shan fura, Malam Garba ya dube shi ya ce, "Yaro, noma dai ba ka iya shi ba, amma ka san mutane. Nura shi tahi, na ba ka shi."

Wasa ɗaya Nura ya buga, aka tashi kunnen doki. Washegari kwamiti ya zauna ya sallami Isiyaku, wai don a kwantar da hankalin magoya baya. Ku kuma kuka hau babura kuna zagaya gari da oda kamar an ɗauko amarya. Da labari ya kai Sakajiki, Malam Garba ya aiko a ce wa ɗansa ya dawo gida. Ya ce shi mutum ya ba wa yaro, ba kwamiti ba.

Kuna ta tambayar me Yaya zai ce da yana nan. Na san shi fiye da ku, ba zai ce komai ba. Zai tofar da yawu ne ya juya muku baya, daga shugaban har masu ihun.

Na zauna na auna abin da ya rage na Bala Mai Usur bayan shekarun nan. Kofunan da ya ci sun yi tsatsa, ƙungiyarsa na shure-shuren mutuwa, yaran da ya horar sun watse neman abinci. Abu ɗaya na gani da idona wanda na tabbata nasa ne, wato fartanyar gayya, kuma a hannun mutumin da bai taɓa ganinsa ba na gan shi. Ni na raka wannan mutumin tasha, na riƙe masa jaka domin hannunsa bai warke ba.

Alhaji Mudi ya sake aikowa jiya, wai an riga an buga hoto, ranar wasa kawai ake jira iyali su tsayar. To ga amsata a bainar jama'a, kai da Lawali ku raba. Ku sa wa kofinku sunan wanda kuka ga dama. Na yayana dai ban bayar ba, kuma ba zan bayar ba.