Baƙar Robar Yaya Umaru

Shekara talatin ke nan da rasuwar wana, Umaru, mai gyaran rediyo a Yelwa. Duk shekara nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

Lokacin Kebbi tana sabuwar jiha, ni kuma ina tuƙa jirgin kasuwa tsakanin Yelwa da ƙauyukan bakin tafki. Mu matuƙa ba mu da ma'aunin lodi sai ido. Mukan loda buhuna da mutane har ruwa ya kusa leɓen jirgi, mu ce Allah ya kiyaye.

Yaya ba ya son wannan. Ya riƙa kankare baƙin hayaƙin fitila yana kwaɓawa da sholisho, gam ɗin facin taya, ya shafa a kan zirin robar tayar keke, ya haɗa da waya da batir da mitarsa ta aiki. In aka ja robar, allurar mita ta motsa. Ya manna ta a katakon cikin jirgina, ya ce, "Bala, katako yana gajiya kamar mutum, baki ne ba shi da shi. In allura ta wuce wanga jan layi, ka rage kaya."

Abin ya yi aiki, kuma aikin da ya yi shi ne ya dame ni. Mata masu kifi suka koyi leƙa allurar kafin su shiga. Wata ta taɓa ce mini, "Direba, robarka ta ce a'a," ta sauke kwandonta. Abokan aikina suka yi ta dariya, wai roba ce ke tuƙa ni.

Ranar wata kasuwa jirgin ya fara yoyo. Mukan cusa tsumma ko roba a tsaga, to sai na ɓalle ta Yaya, na yayyanka, na dandaƙa ta ciki da guduma. Da aka tambaye ni, na ce ai dama ba ta taɓa aiki ba. Maganar ta bi gari. Aka koma kiransa Umaru Mai Roba, yara na yi masa waƙa. Yaya ya zo bakin ruwa ya ga baƙar robarsa a tsagar katako. "Ta toshe da kyau?" ya ce. Na ce eh. Bai ƙara tada zancen ba har ciwo ya ɗauke shi da damina.

Ya bar 'ya a goye, Hadiza, wadda yanzu ke koyar da kimiyya a sakandare. Watan jiya ta nuna mini a wayarta yadda masana ke cuɗa roba da garin gawayin da ido ba ya ganin ƙwayarsa, su manna a gada ko gwiwar majiyyaci, ta faɗi in wurin ya miƙe ko ya lanƙwashe. Ta ce, "Baba, ashe abin da mahaifina ya so yi ke nan. Kaico da tasa ba ta yi ba."

Na ce, "Haka ne." Ƙaryar ta sake fita bakina, ina da furfura.

Da yana raye ban san me zai ce da na zamani ba. Ina jin zai tambayi ko an kai su jiragen kasuwa, domin har gobe da ido muke lodi.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari gaskiya ce guda, ni kuma na danne ta. A bainar jama'a na ɓata shi, shi ya sa na kawo gyaran a jarida. Hadiza, robar mahaifinki ta yi aiki. Ni na cire ta. Allah ya jiƙan Yaya, ya ba ni ƙarfin kallon idonki ranar Juma'a in kin zo gaishe ni.